Kunamar ruwa: wa ya san inda ta shiga?

Ummi Ɗaliba: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Alfarma nake nema. Ina digiri na biyu a fannin kifi, kuma abin da na ɗauka shi ne wani kifi mai faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya mai ƙaya a jikinta. Masuntan bakin Binuwai suna ce masa kunamar ruwa. Ga hotonsa nan na ɗora. Duk wanda ya taɓa kama shi ko ya gan shi a kasuwa, ko da shekara 30 ce da ta wuce, don Allah ya faɗa mini a ina, a wane lokaci na shekara, da wane irin kayan kamun kifi.

Hamma Direba: Wa alaikumus salam. Wannan ai faifan Goggo ne aka ɗaura wa bulala. Kin tabbata ba haɗin kwamfuta ba ne?

Adda Mai Banda: Shekarata 22 ina banda, daga Dadin Kowa har babbar kasuwar Gombe. Tarwaɗa, ƙurungu, karfasa, giwan ruwa, ragon ruwa, har minjirya ta taɓa girgiza ni a cikin daro. Wannan kam bai taɓa hawa wayar bandata ba.

Ummi Ɗaliba: Hamma, wallahi kifi ne na gaske, kuma namu ne. A shekarar 1962 wasu masana biyu, Stauch da Blanc, suka fara bayyana shi a rubuce daga wanda aka kamo a Binuwai wajen Garwa ta Kamaru, shi ya sa sunan Garwa yake cikin sunansa na kimiyya har yau. Ana samunsa a Binuwai da Kogin Kwara. Faɗinsa bai cika wuce santimita 40 ba. Ɗan'uwan kifin shak ne na teku: dukkansu ba su da ƙashi, guringuntsi ne a jikinsu irin na kunnen mutum. Ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke ƙarewa ta sa shi a ajin waɗanda suke dab da ɓacewa. Adda, amsarki ma na rubuta ta, don rashin gani shi ma bayani ne.

Hamma Direba: Shak kuma? Mu da ko teku ba mu da shi. Daga Gombe zuwa Legas kwana nake a hanya. A bar wa 'yan Legas kayansu mana.

Ɗan Sarkin Ruwa: Na nuna wa Baba hoton. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya ce in tambaye ki wa ya aiko ki.

Ummi Ɗaliba: Ka gaishe mini da Baba da kyau. Babu wanda ya aiko ni, aikin makaranta ne.

Ɗan Sarkin Ruwa: Yana amsawa. Amma bari in gaya miki dalilin tambayar, kada ki ga kamar rowa ce. Shekarun baya wasu sun zo mana bakin dam ɗin Dadin Kowa da farar mota da takardu cike da jaka. Kwana uku Baba yana zaune da su a ƙarƙashin darbejiya, ya bar aikinsa. Suka auna idon kalli, suka ƙirga jirage, suka ɗauki hoton kifin kowa a kan sikeli, har inda kifi yake zuba ƙwai in ruwa ya cika ya nuna musu. Suka raba mana lemon kwalba suka tafi. Ko takarda guda ba a dawo an karanta mana ba. Bayan 'yan watanni sai ga wasu daban sun zo da maganar rajista da tara, suna lissafa abubuwan da bakinmu ne ya faɗa. Ko su ne suka kai, ko ba su ba ne, Allah masani, amma tun ranar in Baba ya ga biro sai ya ce kansa na ciwo. Kifi na ganinka mai jar koma.

Adda Mai Banda: Gaskiya ka faɗa ƙanena. Ni ma an taɓa ɗaukar hotona ina fifita wuta, aka ce za a kawo mana murhun zamani. Har yau hayaƙi nake sha.

Alhaji na Tudun Wada: Ga dorina kuma. Tana kife jirage, tana cinye shinkafar mutane a bakin dam, in ka taɓa ta an ce ka taɓa dabbar gwamnati. Talaka ya ji kalmar kare halittu, abin da yake ji shi ne za a hana shi cin abinci. Yanzu kuma kunama za a ƙaro mana?

Malamin Jami'a: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ummi ba ɗalibata ba ce, amma laifin da ake faɗa namu ne mu masu bincike, kuma ba zan kare shi ba. Mukan ɗebi ilmin masunta mu rubuta da Turanci, mu samu ƙarin girma, wanda ya ba mu ilmin ko sunan ƙauyensa ba ya gani.

Sai dai ku ba ni dama in faɗi abin da ya sa yarinyar nan ba ta da wata hanya sai ku. Tarwaɗa guda tana zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya, shi ya sa ko an yi mata kamun ƙare dangi, in aka ɗaga mata ƙafa shekara biyu sai ta dawo. Dangin shak da kunamar ruwa ba haka suke ba. Da yawansu haihuwa suke yi kamar akuya, 'ya'ya kaɗan, kuma sai sun daɗe kafin su balaga. Akwai wata babba a teku da ake ce wa manta, ɗa guda take haifa, shi ma ba kowace shekara ba. Irin wannan in aka kwashe iyayen, shi ke nan. A 2021 mujallar Nature ta buga binciken da ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 daga 1970, kuma babban dalili yawan kamun kifi ne. A shekarar dai aka ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na ire-irensu suna fuskantar ƙarewa. Wani ƙiyasin na 2013 ya ce wajen miliyan 100 ake kashewa a shekara, wasu don nama, wasu don man hanta, wasu a yanke fiffiken kawai a busar a kai Asiya a yi miya.

To kifin da ya yi ƙaranci haka, ni in na ɗauki jirgi na yi sati biyu a Binuwai, da wuya in gan shi. Masunci kuwa kullum yana kan ruwa, shi da ubansa da kakansa. In kifi ya fito ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa?

Hamma Direba: Malam, ni dai abin da na sani shak mutane yake ci. In ya ƙare ai an huta.

Malamin Jami'a: Hamma, duk duniya waɗanda shak ke kashewa a shekara wajen mutum 10 ne, wata shekarar ma ba su kai ba. Ka leƙa asibitin saran maciji na Kaltungo lokacin girbi ka ga abin da kububuwa ke yi a jiharmu kaɗai.

Hamma Direba: Ka gama da ni. Na yi shiru.

Kawu Mai Fatsa: Ni ba masunci ba ne, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya sayi fatsa don kada zaman gida ya kashe shi. Duk Asabar ina Dadin Kowa, kilomita 37 ɗin nan daga Gombe na haddace kowane rami. Abin da zan ƙara shi ne, haɗa masana da masu kamun kifi ba sabon abu ba ne, kuma inda ya yi aiki akwai dalili. A Amurka tun 1962 hukumarsu ta kifin teku take ba masu fatsa wata 'yar alama mai lamba. In ka kama shak sai ka maƙala masa, ka rubuta wuri da rana da tsawonsa a kati, ka sake shi. In wani ya sake kama shi bayan shekaru, sai a sanar da wanda ya maƙala alamar inda kifinsa ya kai. Da haka aka gano wasu suna tsallake Tekun Atilantika ɗungurungum. A Ingila kuma wata ƙungiya, Shark Trust, tun 2003 take sa yara da iyayensu su tsinci ɓawon ƙwan dangin shak masu yin ƙwai da ruwa ya watso bakin teku, su ɗauki hoto su tura, daga nan a san wane iri ne yake haihuwa a ina.

Ku lura da abin da ke ciki: ana mayar wa mutum da labari. Wanda ya maƙala alama yana jiran ya ji. Mu nan ana karɓa ne kamar haraji.

Ɗan Sarkin Ruwa: Kawu, da girmanka, amma akwai bambanci. Baturen da ya saki shak ya koma gida ya tarar da abinci a firji. Kai ma in ka saki giwan ruwa, fansho na nan. Ni in na saki abin da ya shiga kallina, me zan kai wa Inna?

Kawu Mai Fatsa: Fanshon da ake biya in an ga dama? Amma na karɓa, maganarka dutse. Ban ce a kwafo nasu sak ba.

Ummi Ɗaliba: Yayana Ɗan Sarkin Ruwa, ni ban ce kowa ya saki komai ba tukuna. Ban ma san ko tana nan ba, balle in ce a sake ta. Abu uku nake nema: hoto daga sama da ƙasa, a ajiye takalmi ko kwalbar ruwa kusa da ita don a gane girma, sunan wurin, da ranar. Ko a busasshiya ce a kasuwa, ko ƙayar kawai. Ba zan rubuta sunan kowa ba, ba kuma zan rubuta irin ragar da aka kama ta da ita a jikin sunan wani ƙauye ba.

Alhaji na Tudun Wada: 'Yata, alkawarin ɗalibi ne wannan. In kin miƙa takarda ta zama ta makaranta, ba taki ba.

Malamin Jami'a: Alhaji bai yi ƙarya ba. Shi ya sa ake rubuta sharaɗin tun farko a gaban Sarkin Ruwa, kuma sunayen mutane ba sa shiga kundin ko kaɗan. Ummi, in mai duba aikinki bai gaya miki haka ba, ki same shi gobe.

Mai Canji: Ku dakata in jefa tawa. Malam, ɗazu wani ya ce mini tambarin da ke jikin sefar Nijar kifi ne. Shekara nawa ina lissafa ta, na ɗauka wani gunki ne ko matsefi.

Malamin Jami'a: Kifi ne kuwa, kuma ɗan gidan su kunamar ruwa. Kifi mai zarto, wanda bakinsa ya miƙe kamar zarton kafinta da haƙora hagu da dama. Tambarin babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma an ɗauko shi ne daga ma'aunin zinare na mutanen Akan mai siffar wannan kifin. Da can ya cika gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har cikin bakin koguna yake shiga. Zarton nan shi ya jawo masa, don da ya taɓa raga sai ya sarƙe. Yau a yawancin gaɓar babu shi, yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, amma hotonsa na aljihun kowa daga Dakar har Damagaram.

Mai Canji: Ikon Allah. Ga ta nan a hannuna, jaka goma, ina ƙirga haƙoran.

Ustaz na Bolari: Tun da an tambaye ni ta gefe, bari in amsa a nan kowa ya ji. Cin kunamar ruwa halal ne, a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa ba a ware wani. Halaccin ci daban, ɓarna daban. Wanda ya zuba maganin ƙwari irin Gamalin a tafki ya kashe uwa da 'ya'ya da kwaɗi, ya sayar wa mutane guba, wannan ba sai masana sun zo daga jami'a ba kafin a ce masa ya ji tsoron Allah.

Adda Mai Banda: Allah Ya saka, Ustaz. Kifin guba ko a wuta ana gane shi, laushi yake yi ya farfashe, kwana biyu ya fara wari.

Ɗan Sarkin Ruwa: To. Baba ya sa na karanta masa duk abin da aka rubuta, har da na Hamma Direba, ya yi dariya a wajen faifan Goggo. Ya ce in rubuta yadda ya faɗa, kada in gyara.

Ya ce ya san ta. Ba a nan ba, a Binuwai, lokacin yana saurayi yana bin kawunsa su daga Numan zuwa sama wajen Yola, wata shekarar har Garwa, tun ba a tare ruwan Binuwai da dam a Lagdo ta Kamaru ba. Ya ce ba ta son taɓo, yashi take so, inda ruwa yake gudu a hankali bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Takan binne jikinta ta bar idanu kawai, in ka dubi wurin sai ka ga kamar an kifa ƙwarya an share. Da rani aka fi gamuwa da ita in ana jan taru. Ya ce abu na farko da kawunsa ya koya masa shi ne kada ya ɗaga ƙafa in yana tafiya a yashin ruwa, ya riƙa jan ta a ƙasa, don in ka zungure ta gudu take yi, in ka taka ta ne take harbi. Wani abokinsa bai ji ba, ta same shi a idon sawu, ƙato da shi yana kuka yana kiran uwarsa, wata biyu bai shiga jirgi ba. In ta shiga taru, kafin a taɓa komai wutsiyar ake fara datsewa. Ya ce wata rana sun jefa wata babba a cikin jirgi sai ga 'ya'ya sun fito daga cikinta da ransu, kowanne kamar tafin hannu, da 'yar wutsiyarsa. Kawun ya tsince su da ludayi ya mayar ruwa, ya ce ba a cin marayu.

Ya ce rabonsa da ita tun kafin a haife ni.

Ummi Ɗaliba: Allahu Akbar. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi abin da na kwashe wata huɗu ina tattarawa a takardu, ka faɗe shi a zama guda, har da abin da babu a ciki. Yashin nan shi ne gidanta, don tsutsotsin ƙwarin ruwa da ke cikinsa take ci.

Malamin Jami'a: Ku dubi shekarun. An gama Lagdo a 1982, Kiri a kan Gongola ita ma 1982, Dadin Kowa 1984. Dam yana riƙe yashi, yana sauya lokacin cikar ruwa da janyewarsa, yana kuma datse hanya. Gongola a Numan take haɗuwa da Binuwai, to duk kifin da zai hauro nan daga can yanzu bango biyu ne a gabansa. Ban ce dam kaɗai ba ne, yawan kamun kifi ma yana ciki, kuma ban ce a rushe dam ba kafin Alhaji ya taso mini, da shi muke sha muke noman rani. Ina nufin labarin Baba ya zo da lokaci da wuri, kuma irin wannan ne ake iya bi a auna. Yanzu har akwai dabarar ɗibar ruwa a kwalba a tace, a nemi ɓurɓushin ƙwayar halittar kifi a ciki ba tare da an kama shi ba. An yi wa kifi mai zarto haka a Ostireliya. Amma Binuwai da tsawo, sai an san inda za a ɗiba, wannan kuwa sai irin su Baba.

Nas Bilki: Tun da an yi maganar harbi, ga wanda yake zuwa kamun kifi a Binuwai: a tsoma wurin a ruwan zafi daidai wanda fata za ta jure, ba tafasasshe ba, minti 30 zuwa 90, zafi yana rage raɗaɗin dafin. A wanke sosai. Kada a tsaga, kada a ɗaure da roba, kada a shafa man birki. In ƙayar ta nutse a tumbi ko ƙirji kada a zare, a tafi asibiti da ita. Ko ciwon ya lafa a je a duba ko guntu ya karye a ciki, a yi allurar tetanas.

Hamma Direba: Ina lodin Numan duk Talata. In akwai mai banda a can da za a nuna wa hoton, ku turo mini shi a waya. Kuɗin mota dai ba ragi.

Adda Mai Banda: Akwai matar da nake saro kifi a wajenta ta can ɓangaren, Bachama ce, ta fi ni daɗewa a harkar. Zan tura mata da muryata, don ba ta karatu. Amma Ummi ki sani, in ta ce a biya kuɗin kati, ke za ki biya.

Ummi Ɗaliba: Na ɗauka, Adda.

Alhaji na Tudun Wada: Ni har yanzu ban gamsu ba. Yau hoto, gobe doka. Ku rubuta ku ajiye. Kuma ba wanda ya amsa mini maganar dorina.

Kawu Mai Fatsa: Alhaji, dorina zaurenta daban, ka buɗe mana gobe, ina da abin faɗa, ta taɓa kora ni na bar takalmi. Doka kuwa in za ta zo, gara ta tarar da bakin masunta a cikin maganar.

Ɗan Sarkin Ruwa: Malama Ummi, Baba ya ce ga sharaɗinsa. Ki zo da kanki ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ba da farar mota ba. Ki zo da babba, ko Malamin nan ko Kawu. Duk abin da kika rubuta, kafin ki kai makaranta ki dawo ki karanta musu da Hausa a bakin ruwa, in akwai abin da suka ce a cire, a cire. In kin gama kuma a bar musu kwafi guda, ko da ba mai karantawa sai ni.

Sannan ya shiga ɗaki ya buɗe tsohuwar adakarsa, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ƙaya ce, ta kai tsawon ɗan yatsa, ta yi ja don tsufa, gefe da gefe duk ƙananan haƙora masu kallon baya. Ya ce ta wadda ta harbi abokinsa ce. Na ce in ɗauki hoto in turo, ya ce a'a, mai so ta zo ta gani.

Ummi Ɗaliba: Na yarda da duka. Kawu, za ka raka ni?

Kawu Mai Fatsa: Ki same ni a tashar Dadin Kowa ƙarfe 11, mu yi Juma'a a can. Ki sayi goro fari na Baba, kada ki sayi lemon kwalba.